Mai Almakashi na Tsohon Lambu

Wuyan hannunsa na cafke, ba almakashin ba.

"Taɓa shi ka gani," na ce.

Ya dubi farcena da suka nutse a fatarsa, ya dubi zaren da na ɗaura a reshe ko minti ɗaya ba a yi ba, sannan ya ɗago ya dube ni. Ni kuwa a shirye na zo. Tun a cikin bas nake bitar zagin da zan yi masa, har da na ƙari idan ya kuskura ya rama.

"Baiwar Allah, kin karanta allon nan kuwa?"

"Na karanta, sau biyu ma. Ko rubutun bai yi kyau ba."

Ran ashirin da uku ga Maris ne, a Tsohon Lambun garinmu, gindin magnoliyar nan da ta girmi kakata. Ita ke riga kowace bishiya fure a garin. Tun ɗaya ga wata kowa ke yawo da martenitsa a hannu, zaren nan ja da fari da muke ɗaura wa juna don neman lafiya, kuma ba a cire shi sai an ga shamuwa ko an ga fure, sannan a kwance a ɗaura a reshe mai rai. Shamuwa ta mutanen ƙauye ce. Mu 'yan birni magnoliya muka sani, a jikinta kakata ta ɗaura nata, a jikinta uwata ta ɗaura tana budurwa. Sai ga wani Yavor, wai masanin bishiyoyi, an ɗauko shi aiki daga can cikin duwatsu, ya kafa allo ya ce an hana. Har da kafa wani katako a gefe, wai a riƙa ɗaurawa a nan. Wa zai ɗaura lafiyarsa a busasshen katako?

Amma ba allo ne ya kawo ni ba.

Bara war haka Babana, Stamen, yana kwance. Mamana Nevena ta kwance zaren da ke hannunsa, ta zura koren kwat ɗinta, ta taka da ƙafa tun daga unguwarmu har lambu ta ɗaura masa a magnoliya. Ba ta kai bakin tafkin agwagi ba ta waiwaya don ta ƙara kallonsa. Da idonta ta ga mutumin nan ya datse shi ya jefa a bokiti. Kwana goma sha ɗaya bayan nan muka binne Baba. Tun daga ranar ba shi da suna a gidanmu sai Mai Almakashi, kuma in Mama ta faɗa sai ta tofar da yawu gefe.

To, bari in faɗi abin da ban faɗa wa kowa ba a lokacin. Na san ba zare ne ya kashe Baba ba. A kantin magani nake aiki, kuma tun watan Disamba ya shigo min da takardar asibiti a ninke cikin hularsa, ya ce in karanta masa abin da likita ke ta kewaye-kewaye a kai. Ciwon daji ne a huhu, ya riga ya bazu. Ya sa na rantse ba zan gaya wa Mama ba. Muka ce mata sanyin ƙirji ne, da ɗumi ya shigo zai miƙe. Da ya rasu Mama ta ɗora wa Mai Almakashi, ni kuma na ja bakina na tsuke, don shirun ya fi min sauƙi. Duk da haka na tsane shi. Matar da ba ta da sauran abin riƙewa sai zare, ka jefa mata shi a bokiti tana kallo?

Bai fizge hannunsa ba. Cewa ya yi in biyo shi bayan bishiyar in ga wani abu, in na gani sai in ci gaba da zagin, ba inda za shi. Na bi shi, har lokacin ina riƙe da shi kamar ɓarawon da na kama a kasuwa. Ya jawo wani reshe ya nuna min inda ya kumbura, ya sa bakin wuƙa ya ɗan tona ɓawon. Sai ga jan zare can ciki, itacen ya haɗiye shi. Daga nan zuwa ƙarshen reshen babu fure ko ɗaya, a bushe yake ƙamas.

Ya ce zaren kakanninmu ulu ne, ruwa biyu ya isa ya ruɓar da shi. Na yanzu roba ce zalla, tana shekara ashirin ba ta motsa ba, reshe na girma tana shaƙe shi. Bara kaɗai sama da dubu huɗu ya cire. Rabin bishiyar ya riga ya tafi.

"A cikin dubu huɗun har da na ubana," na ce. "Uwata ce ta ɗaura."

Ya saki reshen.

"Mai koren kwat," ya ce a hankali. "Ta waiwayo..."

Ashe ya gan ta. Ya ce bayan mako biyu ya ci karo da ita a ƙofar coci cikin baƙaƙen kaya, nan take ya gane. Tun daga ranar bai sake yanke zare a gaban mai shi ba, sai ya bari an fita. Nawa ne kawai ya nufa, don na ɗaura ina kallon ƙwayar idonsa ina murguɗa masa baki.

"Da na jira ta fita ƙofa. Wannan laifina ne, kuma ina jin ciwonsa har gobe. Amma ba zan yi miki ƙarya ba. Da za a maido ranar, zan yanke."

Na so in mare shi. Ban san me ya riƙe hannuna ba. Wataƙila don wata goma sha biyar ke nan ina kwana ina tashi cikin ƙarya, sai ga mutum ya ƙi yi min ita ko don ya ceci fuskarsa.

Na ce to, nawa dai ba zai yanke ba, gadinsa zan yi. Na zauna a benci na harɗe hannuwa. Shi ma ya samu ɗaya bencin ya zauna yana wasa wuƙarsa. Da rana ta take ya buɗe takarda ya miƙo min rabin banitsarsa, gasasshiyar wainar fulawar nan tamu, cuku na leƙowa ta gefe. Na karɓa na cinye, ban ce na gode ba, ai fushi daban yunwa daban. Haka muka zauna har aka kaɗa ƙararrawar rufe lambu da ƙarfe biyar.

Washegari na koma, wai in duba ko ya yanke. Ya yanke mana. Na balbale shi da faɗa, ya tsaya ya saurara har na ƙare, sannan ya tambaye ni ko na taɓa ganin ayaba a jikin uwarta.

Ban taɓa ba.

Haka aka yi na shiga ɗakin gilashin da ake renon shuke-shuken ƙasashen zafi, inda zafi ya rufe ni ina cikin kwat, ruwa na ɗiga daga sama, shi kuma yana gaisawa da shuke-shuke ɗaya bayan ɗaya yana tambayarsu yadda suka kwana. Na ce a raina wannan ba mugu ba ne, taɓaɓɓe ne. Dogo ne mai manyan kunnuwa, ƙasa ba ta rabuwa da farcensa, in yana dariya sai ya rufe baki da hannu. Ba irin wanda ake waiwaya a titi ba ne. Ni dai na waiwaya, kuma ban sake juyowa ba. Sai a Lahadi ta uku na gaya masa sunana Iglika, ya ce ai na makara, ya riga ya raɗa min 'Yar Rigima.

A watan Yuni ruwa ya tare mu a gindin dabinon ɗakin gilashi, babu kowa sai mu.

"Iglika, ina sonki."

"Ka san 'yar gidan wa kake faɗa wa haka?"

"Na sani."

"Uwata kullum addu'arta hannunka ya shanye."

"Na samu labari. Ina sonki, 'Yar Rigima."

Na ce ya jawo wa kansa, don ni ma ina sonsa, kuma ni ba a sona a fasa. A ranar na gaya masa zancen takardar Baba. Na zaci zai ce in je in wanke shi a wurin Mama. Sai ya ce rantsuwar tsakanina da ubana ce, shi ba zai roƙe ni in karya ta don shi ba. Wannan maganar ce ta ƙarasa ni.

Abin da ban lura da shi ba shi ne tagar sayar da tikiti. Zornitsa ke zama a ciki, ajinmu ɗaya tun firamare, kuma tun a lokacin in ta ga abu a hannunki sai ta ji nata ne aka sace. Shekara biyu tana kawo wa Yavor miyar wake a kwano, shi kuwa bawan Allah ya ɗauka kirki ne kawai, har yana raba wa masu shara. Kullum in na shigo sai ta washe min haƙora ta ce, "Iglika ƙawata, yau ma ayaba aka zo gani?" Ashe hotunanmu take ɗauka ta cikin gilashi.

A watan Satumba ta kai wa Mama.

Na dawo daga aiki na tarar da Mama a baranda tana gasa jan tattasai na ajiyar hunturu, ƙamshi ya cika bene. Na wanke hannu na zauna zan taya ta ɓare fatar. Ba ta ce min sannu ba. Wayarta ta turo gabana da bayan hannu. Ga ni nan, kaina a kafaɗar Yavor, ina dariya kamar wadda ba ta taɓa rashi ba.

"Duk mazan garin nan, Iglika."

"Mama..."

"Duk mazan garin nan, sai wanda ya kashe ubanki."

Maganar ta zo min har baki. In ce mata Mama, ni na karanta takardar, ni na taya shi ɓoye miki. Na tuna fuskar Baba yana murza hularsa a gaban kantata, na haɗiye. Na ce mata zare ba ya kashe mutum. Ta ce ashe har ya koya min rashin kunya irin tasa. Na ce rashin kunyata a gidan nan na gaje ta, kowa a unguwa ya san wurin wa. Ta ce in zaɓa, ko ita ko shi.

"Ba zan zaɓa ba. Ke uwata ce, shi kuma shi zan aura. Ba wanda zan ajiye."

Ta miƙe, hannunta duk baƙin tattasai, ta shiga ɗakina ta jawo akwati. Da kanta ta zuba kayana, har ta ninke su, don Mama ko korarka za ta yi sai ta ninke maka kaya. Ta ajiye a bakin ƙofa ta murɗa makulli.

Ban roƙe ta ba. Na kama ɗaki a saman kantinmu. Amma kowace Lahadi bayan coci sai na hau benen nan hawa huɗu na ƙwanƙwasa. Ina jin numfashinta a bayan ƙofa. Sanarwar rasuwar Baba na manne a jikin ƙofar kamar yadda ake yi, da hotonsa, don haka shi nake yi wa hirar. In ba shi labarin aiki, in ce a gaya wa matar gidan maganin hawan jininta na rataye a mariƙi. In na sauko sai in zauna a matakala ta ƙarshe in yi kukana, in share, in fita da kai a sama don maƙwabta na leƙe.

Yavor ma ya je, ba da sanina ba, da furanni bakwai da ya reno da hannunsa. Ya tsaya a ƙofa ya kira ta Gospoja, wato uwargida, ya ce, "Gospoja Nevena, na zo ne in ba ku haƙuri." Ba ta buɗe ba. Yana fita daga benen ta juye masa ruwan wanke-wanke daga baranda. Ya zo min a jiƙe, da ɓawon albasa a gashi, ya ce ko dai ya ajiye aikin ne, mu koma wani gari, ko ya bar mutane su ɗaura abinsu.

"In ka ajiye almakashin nan saboda ni, na fasa aurenka," na ce. "Mai taurin kai na gani na so. In ka yi laushi me zan yi da kai?"

Muka sa ranar biki, watan Yuni mai zuwa. Na je na gaya wa ƙofar Mama.

Zornitsa ba ta huta ba. Duk hunturun nan, dusar ƙanƙara har gwiwa, tana bin gidaje da takarda tana tara sa hannu, wai baƙo ya zo yana taka al'adar gari, a kore shi. Sunan Mama ne a layin farko. Shugaban lambun kuwa mutum ne da ko agwagwa ta yi masa tsawa sai ya ba ta haƙuri. Ya kira Yavor ya ce bana ko zare ɗaya ya taɓa, a bakin aikinsa. Yavor ya ce babban reshen ƙasa shi kaɗai ya rage mai ƙarfi, kuma shi hannu ke kaiwa, in aka sake lulluɓe shi bishiyar ba za ta daɗe ba. Shugaba ya ce shi dai ya faɗa.

Na tambaye shi me zai yi. Ya ce zai yanke, a kore shi. Na san kuma in aka kore shi a kan zaren Mama, shi ke nan, ƙofar nan ba za ta sake buɗe mana ba har abada, ni da shi.

Magnoliya ta buɗe ranar wata Lahadi. Ana tashi daga coci suka shigo ta babbar ƙofa, mata sun fi arba'in, Mama a gaba, Zornitsa a gefenta ta ɗaga waya sama tana ɗauka. Wata shida rabon da in ga fuskar uwata. Ta rame, gashinta ya ƙara fari, amma tafiyar tana nan, ta mai zuwa karɓar haƙƙinta. Ina tsaye kusa da Yavor a gindin bishiyar. Ko kallona ba ta yi ba.

Ta buɗe jaka ta fito da martenitsa. Na gane ta Baba ce, wadda ta saya masa ta rataya a jikin hotonsa tun ɗaya ga wata. Ta kama babban reshen ta ɗaura, ƙulli uku, tana ja da dukkan ƙarfinta har yatsunta suka yi fari. Sannan ta juyo ta dubi Yavor.

"Ga shi nan. Yanke."

Sauran matan suka tsaya da nasu a hannu suna jira. Zornitsa ta matso da waya har kusa da hancinsa. Na ga hannunsa ya nufi aljihu.

Na riga shi.

Na zaro almakashin daga aljihunsa, na ce wa Zornitsa ta gyara tsayuwa ta ɗauka da kyau, ni ba ma'aikaciyar lambu ba ce, a kore ni mu gani. Yavor ya kira sunana. Ban saurare shi ba. Na zura bakin almakashin a ƙarƙashin ƙullin na datse. Ban bari ya faɗi ƙasa ba, na tare shi a tafin hannuna na miƙa mata.

Marin da ta yi min sai da agwagi suka tashi daga tafki.

Kuncina na zafi, bakina na ɗanɗanon jini. Na ce a raina Baba ka yafe min, na riƙe maka iyakar ƙarfina.

"Ki ƙara, Mama, amma ki ji. Ba zare ba ne, kuma ba Yavor ba ne. Ciwon daji ne. Tun Disamba likita ya ce Baba ba zai ga bazara ba. Ni na karanta takardar. Ya sa na rantse, na dube ki na ce sanyin ƙirji ne. In akwai wanda ya cuce ki, ga ni nan. Ni ce."

Na rufe ido ina jiran na biyu. Bai zo ba.

"Ke yarinya ce," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa. "Shekara talatin da ɗaya ina kwana a gefen mutumin nan. Kina tsammani ban ƙirga haƙarƙarinsa ba? Ni ke wanke hankicinsa. Na ga jinin."

Na buɗe ido.

"Kin sani...?"

"Tun kafin ke."

Ta ce ya so ya tafi yana ganin ya kare ta, sai ta bar shi. Shi yana yi mata ƙarya, ita tana yi masa, ni ina tsakiya ina yi wa kowa. Ta ce ita ba mahaukaciya ba ce da za ta ce zare na kashe mutum. Ta ɗaura ne kawai don ba ta da wani abin da za ta yi masa, magani ya ƙare, addu'a ta ƙare, sai ƙafafunta da zaren.

"To me ya sa, Mama? Shekara biyu kina tsine wa mutumin da kin san ba shi da hannu. Kin kore ni a kansa."

Ta dubi zaren da ke tafin hannuna. Ta cije leɓenta.

"In na tashi da safe gefen gadon nan babu kowa. In na tuna wannan," ta nuna Yavor da haɓa, "sai raina ya ɓaci, in samu ƙarfin tashi in dafa kofi. In na daina fushi da shi me ya rage min, Iglika? Kuka kaɗai."

Sai a lokacin na tuna ban taɓa ganin hawayenta a kan Baba ba. Ko a maƙabarta ita ke ba mutane haƙuri tana raba dafaffiyar alkamar sadaka.

"To ki yi kukan, Mama. Ina nan."

Ta yi. Ban taɓa jin irinsa ba, kuma ba na fatan in sake ji. Ta sulale ƙasa, na tare ta muka zube tare a kan ciyawa, fuskarta a wuyana tana kiran Stamen, Stamen. Na riƙe ta ina kuka ina shafa bayanta. Matan nan da suka zo yaƙi suka fara share ido da gefen mayafi. Wata tsohuwa ta dubi Zornitsa ta ce in ba ta sauke wayar nan ba za ta cilla ta tafki da ita da wayar. Ta sauke, ta sulale ta koma tagarta. Ɗaya bayan ɗaya suka watse, wasu suka mayar da zarensu jaka, wasu suka ɗaura a katakon nan suna gunaguni. Biyu ko uku dai sai da suka ɗaura a bishiyar, don garinmu ba a rasa masu kunnen ƙashi.

Yavor na can gefe ya sunkuyar da kai, ya rasa inda zai sa hannuwansa. Ya je ya ɗebo ruwa a famfo ya dawo ya tsaya da kofin, ya kasa matsowa.

Da kukan ya lafa Mama ta yunƙura za ta tashi, ƙafafun suka ƙi. Na gwada ɗaga ta, na kasa. Ta ɗago jajayen idanunta ta harare shi.

"Kai kuma tsayuwar me kake yi kamar an dasa ka? Ba ka ga tsohuwa a ƙasa ba?"

Ya ajiye kofin da sauri har ya zube.

Haka muka fita da ita, ni a dama shi a hagu. Ta ƙi bas, ta ce ba za a kalle ta da kumburarrun idanu ba. Duk tsawon hanya ba ta yi masa magana ba, ni take yi wa faɗa, wai na rame, wai wane irin abinci nake ci a saman kanti, wai kwat ɗina maɓalli ɗaya ya fita ban ma sani ba. A hawa na biyu ta tsaya tana haki ta tambayi yaushe ne bikin. Na ce ai na gaya wa ƙofa, Yuni ne. Ta ce ƙofa ta ji, ita ba ta ji ba, kuma ta san ko riga ban ɗinka ba.

A hawa na huɗu ta buɗe ƙofa ta shiga. Na bi ta. Yavor ya tsaya a waje, daidai gaban hoton Baba, ya cire hularsa.

"Gospoja Nevena, ni zan koma. Allah ya ƙara sauƙi."

Mama ta juyo. Ta dubi takalmansa, manya, duk taɓon lambu, ta ja tsaki. Na ce a raina shi ke nan, yanzu za ta rufe.

Sai ta durƙusa da ƙyar ta buɗe ƙaramin kabad ɗin bakin ƙofa, ta tura hannu can ciki, bayan silifas ɗin baƙi. Ta fito da wasu masu ruwan ƙasa, dunduniyarsu ta lotse, ta kaɗe musu ƙura da hannun rigarta. Na san su. Tun ina rarrafe nake ganinsu a ƙafar Baba.

Ta daɗe tana riƙe da su a ƙirjinta. Sannan ta ajiye su a gabansa, ta juya masa bakinsu.

"Za su yi maka kaɗan," ta ce. "Haka za ka sa su. Shigo, miya na hucewa."